Mun ƙi gidaje a Harlem, aka kawo mana tireloli

Asabar ɗin da ta wuce muna wajen suna a Bronx, cikin birnin New York, an ci an sha, an fara raba goro, sai wani dattijo ɗan Damagaram da kowa ke kira Baba ya ɗauko zancen ginin nan na titi na 145 a Harlem. Ya ce an sayar da unguwa, an miƙa ta ga masu kuɗi da hannu bibbiyu. Wani matashi ya ce, "To Baba, ai da tireloli ne a wurin." Baba ya gyara hula ya ce, "Gara tirelolin, yaro. Tirela ba ta ƙara maka kuɗin haya."

Aka yi dariya, kusan kowa ya gyaɗa kai. Ni ban ce uffan ba, don ba a ja da babba cikin taro. Amma maganar ta bi ni har cikin mota, na kwana da ita, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ina ganin Baba bai yi daidai ba. Kuma ina faɗar haka ne a matsayin wanda ya taɓa tsayawa inda yake tsaye, domin ranar da aka janye wannan aikin a 2022 ina cikin masu murna. Yanzu na gane cewa hana gini ba ya hana mai kuɗi shigowa unguwa. Abin da yake yi kawai shi ne ya turo mai kuɗin cikin tsohon gidan da talaka yake haya. Faɗan da ya kamace mu shi ne na yawan ɗakunan da za a ware mana da kuma farashinsu, a rubuce, ba faɗan a bar fili haka nan ba.

Yadda abin ya faru

Ga wanda bai san wurin ba, filin yana kusurwar titi na 145 da Lenox Avenue, wanda kuma ake kira Malcolm X Boulevard, dab da gadar da ke haye kogin Harlem zuwa Bronx. A lokacin 'yan shaguna ne marasa bene a wurin, da tsohon gidan mai, da hedikwatar ƙungiyar Al Sharpton, ɗan fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata. Wani mai harkar gine-gine, Bruce Teitelbaum, ya nemi izinin kafa dogayen benaye biyu a wurin, aikin da ya raɗa wa suna One45, mai gidaje sama da 900.

Tunda tsayin ya wuce abin da dokar unguwar ta yarda, dole sai majalisar birni ta sa hannu. Majalisar New York kuwa tana da wata al'ada: in maganar fili ce, duk abin da kansilan unguwar ya ce shi sauran ke bi. Kansilar Harlem a lokacin ita ce Kristin Richardson Jordan, wadda ta kayar da kansila mai ci, Bill Perkins, a zaɓen fitar da gwani na 2021 da ratar ƙuri'a 114 kacal. Aka yi ta ciniki har mai ginin ya yarda rabin gidajen su zama masu rangwamen haya. Ita ta ce sai dai duka, kuma fiye da rabinsu su zama na masu ƙaramin ƙarfi ƙwarai. A ƙarshen watan Mayun 2022 ya janye takardunsa. A Janairun 2023 ya buɗe wurin ajiye manyan motoci a filin.

Daga baya Jordan ta fasa neman tazarce. Yusef Salaam ya ci kujerar, wato ɗaya daga cikin yara biyar ɗin nan da aka ɗaure bisa ƙarya kan laifin fyaɗe da aka yi a lambun Central Park a 1989, aka wanke su a 2002. A 2025 majalisa ta amince da sabon tsari: gidaje kusan 1,000, wajen kashi ɗaya cikin uku masu rangwame.

A sake duba lissafin. An ƙi rabi a 2022. Bayan shekara uku, da hayaƙin tirela a tsakani, aka karɓi kashi ɗaya cikin uku.

"Rangwame ga wa?"

Wannan ita ce hujjar Baba mafi ƙarfi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba, don gaskiya ce.

Kalmar "mai rangwame" a New York tana da yaudara a ciki. Ana auna ta ne da wani ma'auni da ake kira AMI, wato matsakaicin abin da iyali ke samu a shekara a yankin. Ma'aikatar gidaje ta tarayya ce ke fitar da shi, kuma ba Harlem kaɗai take dubawa ba. Tana haɗa birnin gaba ɗaya, da masu aikin banki na Manhattan, da garuruwan bayan gari irin su Rockland da Putnam, ta zuba su a tukunya ɗaya. A 2022 ma'aunin ya ce iyali mai mutum uku na samun dala 120,100 a shekara. A 2024 ya haura zuwa 139,800. Abin da ke shiga gidan mutumin tsakiyar Harlem kuwa bai wuce wajen rabin haka ba.

Saboda haka za ka ga an kafa allo a jikin sabon bene an ce akwai gidaje masu rangwame, ka je da ɗoki, ka tarar an ware su ne ga mai samun kashi 130 cikin ɗari na wannan ma'auni. A lissafin 2022, iyali ke nan mai samun fiye da dala 150,000. Wace mai kitso ce a titi na 125 take ganin wannan kuɗi? Wane direban tasi? Wace mai kula da tsofaffi a gidajensu? Kamar a ce maka an karya farashin rago a kasuwa ne, ka je ka tarar ragon da aka karya wa farashin ya fi albashinka na wata shida.

To idan mutanen Harlem suka ji "rangwame" suka taɓe baki, ba jahilci ba ne. Sun sha gani.

Amma ina wannan hujja ta kai mu? Ta kai mu ga cewa a zauna a yi ciniki kan lambobi. Ɗaki nawa za a ba mai samun kashi 30 cikin ɗari, wato wajen dala 36,000 ga iyali mai mutum uku a wancan lokacin? Nawa ga mai kashi 50? Nawa ne masu ɗakin kwana biyu ko uku, tunda mu masu iyali ne, ba gwauraye ba? Rangwamen na shekara nawa ne, ko na dindindin? Waɗannan tambayoyi duka ana iya cin nasara a kansu, kuma an fara ci, domin matsin lambar Jordan ce ta tura mai ginin daga ƙaramin kaso har zuwa rabi. Wannan aikinta ne, a yaba mata. Inda na rabu da ita shi ne lokacin da ciniki ya faɗa, ba ta ce "na saya" ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa ya san wannan lokaci. Ka taya, an ce albarka, ka ƙara, ka yi kamar za ka tafi, mai kaya ya kira ka ya sauko. Akwai inda in ka sake juya baya ba zai ƙara kiranka ba. Gwanin ciniki shi ne wanda ya san wannan wuri.

"Sabon bene shi ke jawo su"

Abu na biyu da ake cewa shi ne, in aka kafa bene mai gilashi a unguwa, masu hannu da shuni za su cika shi, shagunan shan gahawa mai tsada su biyo su, masu gidajen da ke kewaye su ga dama su ɗaga haya. Wato benen ne mafarin ciwon.

A nan zan ba da nawa labarin. Shekara tara na yi ina haya a Harlem, a wani tsohon gida mai hawa huɗu wanda bai da lif, matakalarsa na ƙara in ka taka. Babu wani sabon bene a layinmu. Ko ɗaya. Wata rana mai gidan ya sayar, sabon mai gida ya shafa fenti, ya canza ƙofar shiga, ya sa fitilu masu kyau a zaure, da wa'adin takardar hayata ya cika ya aiko da sabon farashin da ya san ba zan iya ba. Gidan ba ya cikin waɗanda doka ta ƙayyade wa ƙarin haya, don haka ba ni da ta cewa. Na kwashe iyalina na haye gada. Waɗanda suka shiga ɗakin bayana wasu matasa ne biyu masu aiki a kwamfuta, mutanen kirki, har sun taya ni sauko da katifa.

Ba sabon bene ne ya kawo su ba. Jirgin ƙasa ne ya kawo su, wanda ke kai mutum tsakiyar Manhattan cikin mintoci kaɗan, da kuma tsadar da ta koro su daga can ƙasa. Da akwai sabon ɗaki da za su shiga, da wataƙila ba su zo neman nawa ba.

Harlem ta fara sauyawa tun kafin a ji sunan One45. Bill Clinton ya buɗe ofis a titi na 125 a 2001. An amince wa jami'ar Columbia ta faɗaɗa zuwa Manhattanville a 2007. An sauya dokar gini ta titi na 125 a 2008. Kantin Whole Foods ya buɗe a kusurwar Lenox a 2017, a shekarar da dillalai suka so sauya wa kudancin unguwar suna zuwa "SoHa" don ya yi wa masu saye daɗin ji, mutane suka yi musu ca. A 2000 baƙaƙen fata sun haura kashi uku cikin huɗu na mazauna tsakiyar Harlem. Bayan shekara ashirin sun doshi rabi. Duk wannan ya faru filin titi na 145 yana nan yadda yake, da 'yan shagunansa.

Asalin ciwon shi ne ɗakuna sun yi kaɗan. Binciken da birnin ke yi kan gidaje ya nuna cewa a 2023 kashi 1.4 cikin ɗari ne kawai na gidajen haya suke a buɗe ana neman mai shiga, abin da ba a ga irinsa ba tun 1968. A gidajen da hayarsu ba ta kai dala 1,100 a wata ba, ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba. A irin wannan kasuwa mai gida sarki ne. Shi ya sa zai ce sai abin da kake samu a shekara ya ninka hayar wata sau 40 kafin ya ba ka makulli. Ɗakin dala 2,500, sai ka nuna takardar dala 100,000. In ba ka da ita, akwai mutum ashirin a bayanka.

Mu da muka taso a inda ake layin ruwa mun san abin da ke faruwa in famfo ɗaya ne a unguwa. Mai ƙarfi da mai kuɗin biyan 'yan ga-ruwa su ke fara cika jarka. Ba a taɓa magance wannan da hana haƙa sabuwar rijiya ba, ko da kuwa mai kuɗin ne zai fara ɗiba a cikinta.

Ban ce sabon bene ba ya sauya fuskar layi ba. Yana sauyawa. Mai shagon da ke sayar da garin rogo da manja na iya rasa wurinsa, wanda ya gaje shi ya zo da abin da ba mu ci. Wannan rashi ne na gaske, kuma ina jin sa duk lokacin da na bi titi na 116 na ga wani shagon 'yan Senegal da na sani ya rufe. Sai dai shagunan nan suna rufewa ne don masu sayen kayansu sun ƙaura, kuma sun ƙaura ne don ba su sami ɗakin da za su iya biya ba.

Tirelolin

Kada wani ya ɗauka ina wanke mai ginin. Ajiye manyan motoci a wannan wuri mugunta ce, ko da doka ta ba shi dama. Harlem da kudancin Bronx suna cikin wuraren da ciwon asma ya fi addabar yara a birnin nan. Taku kaɗan daga filin akwai babban garejin motocin bas na Mother Clara Hale, wanda mutanen unguwa suka daɗe suna fama kan hayaƙinsa. Ƙungiyar WE ACT tun 1988 take yaƙi da irin wannan a Harlem. A ce duk da haka mutum ya ƙaro tireloli don ya nuna wa kansila iyakarta, wannan huce haushi ne a kan yaran da ba su san hawa ba balle sauka.

Wasu na cewa ai shi ya sa bai kamata a ba shi komai ba, don in aka sakar wa mai barazana, gobe wani ma zai yi. Na fahimci zafin. Amma filin nasa ne, da shi da abokan kasuwancinsa. Abin da majalisa ke riƙe da shi kawai shi ne izinin ƙara tsayi. Tun 2016 dokar birnin ta ce duk wanda aka ba irin wannan izini dole ya ware kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na gidajen su zama masu rangwame har abada. Wato izinin nan shi ne igiyar da ke hannunmu. Muddin yana son tsayi, muna iya jansa. Ranar da muka ce ba za a ba shi ba ko ta halin ƙaƙa, igiyar ta tsinke, ya koma yin abin da tsohuwar doka ta yarda masa ba tare da ya tambayi kowa ba: wurin ajiye motoci, ko rumbun ajiyar kaya, ko ƙananan gidajen sayarwa masu tsada waɗanda ko ɗaki ɗaya ba za a ware wa talaka ba. Ba tsuntsu ba tarko.

Kuma Baba ya ce tirela ba ta ƙara haya. Cikin shekarun nan da tirelolin suka shigo zance, wa aka rage wa haya a Harlem?

"A gina duka na talakawa mana"

Ni ma haka nake so. Tambayar ita ce wa zai biya.

Siminti da ƙarfe da albashin magina ba su san ɗakin talaka ba, ba su san na mai kuɗi ba, farashinsu ɗaya ne. Hayar da mai samun dala 36,000 zai iya biya, wajen dala 900 a wata, da ƙyar take ɗaukar gyara da dumama ɗaki da haraji, balle ta biya bashin gini. Dole wani ya cike giɓin. Ko gwamnati ta zuba kuɗi, ko mai biyan haya mai tsada a hawa na ashirin ya ɗauki nauyin na hawa na biyar. Babu hanya ta uku.

Harlem ta san hanya ta farko. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da masu gidaje suka gudu suka bar su suna ƙonewa, birni ya wayi gari shi ke da fiye da rabin gidajen unguwar. A kan irin waɗannan filaye da kangaye ne ƙungiyoyin majami'u da masallatai, kamar HCCI da aka kafa a 1986, suka sake gina yankin Bradhurst, can sama da titi na 145 ɗin nan. Sun iya ne saboda filin kusan kyauta suka same shi, gwamnati kuma ta tallafa. Inda fili na gwamnati ne, ni ma zan fito in ce a gina duka na masu ƙaramin ƙarfi, kada a ba ɗan kasuwa ko taku ɗaya. Amma a nemi haka a filin da wani ya saya da tsada, ba tare da an ajiye kuɗin cike giɓin a kan tebur ba, daidai yake da a ce masa kada ya gina.

Akwai kuma masu kukan inuwa da cunkoso. Benen zai tare rana, tashar jirgi ta titi na 145 ƙarama ce, wurin ajiye mota zai ƙara wuya. Duk gaskiya ne, kuma ni mai mota ne, na san zafin zagaya layi sau biyar da dare. Amma ba zan iya duban mai kwana a ƙasan masallaci in ce masa ya ƙara haƙuri saboda inuwa ba.

Su wa ake ji a taron unguwa?

Wannan ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba a cika faɗarsa ba.

Na halarci irin taron nan na hukumar unguwa sau biyu. Da yamma ake yi, lokacin da direba ke tsakiyar aiki, mai kitso ba ta gama kan da ta fara ba, mai kai abinci a keke yana cikin ruwan sama. Waɗanda ke samun zuwa su yi magana mafi yawa suna da wurin kwana tabbatacce. Wani ya mallaki gidansa, wata ta shekara talatin a ɗakin da doka ta ƙayyade wa haya. Mutanen kirki ne, su suka riƙe Harlem lokacin da kowa ya guje ta, suna da haƙƙin a saurare su. Amma in aka hana ginin, ba su ne za su rasa komai ba.

Wanda zai rasa ba ya cikin ɗakin taron. Shi ne saurayin da ya kai aure yana kwana a falon iyayensa. Ita ce matar da ke da yara uku a ɗaki ɗaya. Su ne samarin nan 'yan Gini da Senegal da Muritaniya da suka kwararo birnin nan daga 2022, waɗanda muka gani da idonmu suna shimfiɗa a masallatan Harlem da Bronx bayan sallar isha'i. Su ne kuma irina, da aka riga aka kora, ba mu da sauran ƙuri'a a mazaɓar. Gidan da ba a gina ba ba shi da mazaunin da zai zo ya kare shi.

Wani zai ce ko an gina, ba 'yan unguwa ke samu ba, tunda ƙuri'a ake jefawa a shafin Housing Connect, dubban mutane na neman ɗaki ɗaya. Nan ma akwai gaskiya. Da can rabin irin waɗannan gidaje 'yan unguwar ake fara ba, amma bayan wata shari'a da aka sasanta a farkon 2024, an rage kason zuwa kashi 20 cikin ɗari. Wannan ya yi wa Harlem ciwo. Sai dai ƙarancin kason dalili ne na a nemi gidajen su yawaita. Kashi 20 na ɗari huɗu wani abu ne. Kashi 20 na babu, babu ne.

Ga alama sauran mutanen birnin ma sun gaji da wannan al'ada ta kansila ɗaya ya tare hanya. A zaɓen Nuwamban 2025, wanda ya kawo Zohran Mamdani kujerar magajin gari, masu zaɓe sun amince da gyaran da ya gajarta hanyar amincewa da gidaje masu rangwame, ya kuma kafa wani kwamiti na mutum uku da zai iya sake duba aikin da majalisa ta ƙi. Ina da ɗari-ɗari da wannan. Igiyar da na ambata ɗazu an ɗan sassauta ta daga hannun unguwa, kuma ina tsoron ranar da za a yi amfani da hakan a murƙushe unguwar da ke da hujja ta gaskiya. Amma wanda ya yi ta amfani da makami ba a wurinsa ba, bai kamata ya yi mamaki in aka karɓe ba.

Ga wanda ke tsoron kora, inda ya kamata ya sa ƙarfinsa a bayyane yake. Akwai gidaje wajen miliyan ɗaya a birnin nan da doka ta ƙayyade wa ƙarin haya, kuma tun 2019 jihar ta toshe hanyar da masu gida ke bi su fitar da ɗaki daga wannan tsari da zarar ɗan haya ya tashi. Bisa wata dokar birni ta 2017, mai ƙaramin ƙarfi da aka kai kotu don a fitar da shi yana da haƙƙin a ba shi lauya kyauta. Mutanenmu da yawa ba su san wannan ba. Takarda na zuwa daga mai gida, sai su tattara kaya cikin dare, don ba su son abin da zai haɗa su da hukuma. Waɗannan dokoki su ke riƙe tsohon ɗan haya a ɗakinsa, ba filin da aka bari babu gini ba.

Ranar Litinin na je gaida Baba, don maganar ba ta bar ni ba. Shi ma ba a Harlem yake ba yanzu, yana wani ɗaki a Bronx kusa da Grand Concourse. Na durƙusa muka gaisa, ya sa aka kawo shayi, sannan na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, maganar ranar suna ce ta dawo da ni. Ni ina ganin da an karɓi rabin nan tun 2022."

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ba ni labarin da na sha ji, amma ban taɓa haɗa shi da wannan ba. Yana cikin 'yan kasuwar Nijar, Hausawa da Zabarmawa, da ke baza kaya a bakin titi na 125 a farkon shekarun 1990. A watan Oktoban 1994 gwamnatin Giuliani, magajin garin lokacin, ta turo 'yan sanda aka tashe su, aka ce su koma kasuwar da aka tanada a titi na 116, kusa da masallacin Malcolm Shabazz. An ce musu don gyaran unguwa ne, kowa zai amfana. Ciniki bai ƙara komawa yadda yake ba. "Kuma shi wannan mai benen," in ji Baba, "ka san a fadar wa ya yi aiki?" Na sani. Teitelbaum ya taɓa zama shugaban ma'aikatan Giuliani.

Na ce, "Baba, wanda maciji ya sara, ba a ganin laifinsa in ya ga tsumma ya yi tsalle. Amma ina autanka yake yanzu?"

Ya ce yana Greensboro, can North Carolina, shi da matarsa da jariri. Sun nemi ɗaki a nan shekara biyu ba su samu ba. Baba bai ga jikan ba sai a waya.

Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nemi ya faɗa ba. Da zan tafi ya kira ni daga bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, wannan shafin ƙuri'ar gidajen, an ce akwai na tsofaffi a sabon tsarin. In ka sami sarari ranar Lahadi ka zo ka cike mini. Ka taho da tabaranka, rubutun ƙanana ne."